Kafin Ka Miƙa Masa Makulli

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ɗan Kurawa, ya gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu



Malam Shugaban Taro, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da war haka. Ina kuma yi wa waɗanda suka taso daga nesa sannu da hanya, domin kuwa a 'yan shekarun nan duk wanda ya baro Sakkwato ko Gusau ko Kano ya iso ƙasar Gobir lafiya, ya cancanci a yi masa barka sau biyu.

Lokacin da sakatare ya kira ni ya ce kwamiti ya ɗora mini jawabin bana, na zaci zai ce in yi magana a kan aikin gwamnati ko yadda ake cika takardun neman aiki, tunda iyakar sanina ke nan. Sai ya ce a'a, in zaɓi abin da ya fi damuna. Ni dai ba direba ba ne, ba kuma jami'in kiyaye haɗurra ba, ma'aikaci ne mai fama da fayil daga safe zuwa la'asar. Amma akwai wani makulli da na taɓa miƙawa da hannuna, kuma a kansa zan yi magana. Waɗanda suka riga suka san labarin su yi mini haƙuri.

A shekarar 2022 autan gidanmu ya gama sakandare. Jarrabawa ba ta yi kyau ba, gonar da ke nesa da gari kuma ba ta nomuwa saboda halin da kowa ya sani. Yaro na zaune bakin titi tun safe, Inna kuwa ba ta barci. Sai na haɗa kwasar adashena da ɗan rance na sayo masa babur, Boxer sabo ful, don ya riƙa kabu-kabu tsakanin Kurawa da Sabon Birni. Ranar da aka kawo shi har guɗa aka yi a gidanmu. Wani abokinsa ya kai shi filin ƙwallo ya nuna masa giya da birki, yamma biyu kacal. A rana ta uku na zo gida, na tsaya bakin filin na ce masa, "Auta, ka iya?" Ya ce, "Na iya, Yaya." Ya kewaya filin sau biyu, a na biyun har da sakin hannu ɗaya. Na yi dariya, na miƙa masa makullin da takardun, na koma bakin aiki ina jin na sauke nauyi.

Mako bakwai aka yi. Ranar wata kasuwa, dab da magariba, ya ɗauko wani magidanci da buhun gero, suna sauri su shiga gari kafin duhu. Wata Kanta na gabansu tana tafiyar hawainiya, sai ya fita zai wuce ta a daidai kwana, inda ba ya ganin abin da ke tafe. Amalanken shanu ne a gaban. Ya danƙe birkin gaba da ƙarfi, babur ya tashi da su. Fasinjan ya bugu a ka, bai kai asibiti ba. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Ƙanena ya karye a cinya, ya yi watanni a kwance, har yau kuma yana ɗingishi. Iyalan mamacin mutanen kirki ne, suka yafe diyya. Azumin kaffara kuwa, wata biyu a jere, babu mai yafe masa shi, ya yi shi bayan ya tashi.

Da na je ɗauko babur ɗin sai na lura da abin da ban lura da shi ba ranar da na miƙa makulli. Ledar da aka naɗe sirdi da ita tun daga kamfani tana nan ba a cire ba, ana tattalinta don a san babur sabo ne. Madubai biyu kuwa an kwance su tun ranar farko, wai madubi na tsofaffi ne. Ku duba baburan da ke jere a ƙofar makarantar nan idan an tashi, ku ƙirga masu madubi.

Daga baya, yana kwance, na zauna na yi ta yi masa tambayoyi. Bai san ba a wuce mota a kwana ko a kan gada ko a hawan tudu ba. Bai san kaya a baya na sauya yadda babur ke tsayawa ba. Bai san ana haɗa birkin gaba da na baya a matsa su sannu a hankali ba. Ba taurin kai ya yi ba, babu wanda ya taɓa gaya masa. Ni kuma da ya kamata in gaya masa, sai na tarar ni ma rabin abin ban san shi ba. Bari in tona wa kaina asiri a gaban malamaina: lasisina na farko a ofis ya same ni, ta hannun wani da ya san wani, ban taɓa sitiyari a gaban mai gwaji ba. Na kuwa san ba ni kaɗai ba ne a ɗakin nan, don na ga wasu sun sunkuyar da kai.

Iyayenmu ba haka suka koya ba. Da, yaron da ke son tuƙi sai an kai shi tasha an damƙa wa ubangida. Ya yi shekaru yana yaron mota: wanke mota, ɗaure kaya, duba ruwa da baƙin mai da asuba, dirowa da gudu ya tare taya da katako idan an tsaya a gangare. Duk tsawon shekarun nan yana zaune yana kallon hanya, ya san kowace kwana da kowane rami daga Isa zuwa Shinkafi, ya san inda shanu ke tsallakawa da inda yara ke wasa, kafin a taɓa barin shi ya juya motar a cikin tasha. Wani tsohon direba a unguwarmu, wanda ya ja Fijo shekaru masu yawa, ya taɓa ce mini, "Yaro, mota ba da ƙahwa aka koyon ta ba, da ido aka koyon ta." Tsarin nan yana da nasa aibi, don akwai duka da zagi da wahalar banza a cikinsa, kuma babu karatu. Amma yana ba yaro lokaci. Da babura masu araha suka cika kasuwa, sai koyon ya taƙaice ya koma yamma biyu a filin ƙwallo. Tsohon tsari ya tafi, ba mu kuwa sa komai a gurbinsa ba.

Ba wai doka ba ta tanadi komai ba. Tun watan Fabrairu na 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Wato hukumar sa'ar wasunmu ce. A ƙa'ida ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisi. Mai neman sabon lasisin mota sai ya je makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita ya samo takardar shaida, sannan jami'an duba motoci su gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Mai babur ma yana da nasa rukunin lasisi, rukunin A, abin da da yawa daga cikin 'yan kabu-kabunmu ba su taɓa ji ba. To amma a yi gaskiya. Yaron Kurawa ko Gatawa da ke neman na cefane ba zai kwashe kuɗin mota ya tafi birni ya zauna makonni yana koyon abin da yake ganin ya riga ya iya ba. Dokar tana takarda, yaro na kan hanya, tsakaninsu kuwa babu kowa sai wanda ya saya masa babur.

Abin kuma ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. A nan Nijeriya, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra sun nuna fiye da mutum 5,000 sun rasu a hanya a 2024. Wannan kuwa waɗanda aka rubuta ne. Fasinjan ƙanena an yi masa sutura washegari da safe, babu littafin da sunansa ya shiga.

Ina ganin malaminmu na lissafi a sahun gaba. Malam, Allah ya ƙara lafiya, yau zan biya bashin darasin nisa da lokaci da na riƙa gudu a aji uku. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta tashi ta hau birki, daƙiƙa guda ta wuce, ga wanda hankalinsa ke kan hanya ke nan. Bayan an taka birkin, motar da ke gudun 50 za ta ja kimanin mita 14 a busasshiyar kwalta mai kyau kafin ta tsaya. Wadda ke gudun 100 ba ninki biyu za ta ja ba, ninki huɗu ne, wajen mita 55. In ka haɗa da mita 28 na farko, ka haura mita 80, ka kusa cinye tsawon filin ƙwallonmu. Da dare ƙaramar fitila ba ta haska wannan nisa, wato jakin da za ka buge ka riga ka buge shi tun kafin ka gan shi. Wannan fa a kwalta mai kyau ne. Ku sa yashin da iska ke zubowa kan hanyoyinmu da rani, da ramukan da damina ke bari, ku sake lissafin.

Me kuma ake samu a gudun? Tafiyar kilomita 40 a gudun 80 minti 30 ce. A gudun 100 minti 24 ce. Ribar ke nan, minti shida, ko shayi ba ka gama sha ba. A babur, kilomita 20 a gudun 50 minti 24 ne, a gudun 70 kuwa wajen minti 17. Ƙa'idar hanya ta ƙasa ta tsaida 50 a cikin gari, 80 ga ƙananan motoci a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta Kaduna zuwa Kano, babur kuwa 50 ne ko'ina. Mu a nan ba mu da tagwayen hanya, saboda haka duk wanda allurarsa ta taɓa 100 tsakanin Goronyo da Sabon Birni ya riga ya fita ƙa'ida.

Na san abin da wasu ke cewa a zuci, don direbobi sun sha gaya mini: Malam, a wannan hanya tamu wanda ya tafi sannu shi ake tarewa. Ba zan raina wannan magana ba. Ba mu manta da motar fasinja da aka ƙona a Gidan Bawa a Disamban 2021 ba. Ba mu manta da cewa a Satumban shekarar gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka ce kowa ya zagaya ta Goronyo da Sabon Birni ba. Tsoro gaskiya ne, shi ne ma ya sa ƙanena sauri a ranar. Amma minti shida ko bakwai da gudu ke bayarwa, tashi da wuri yana ba da ninkinsu kyauta. Mai babur da ya bar kasuwa da la'asar sakaliya, ya haƙura da fasinja ɗaya na ƙarshe, ba ya tsere da rana. Kuma motar da ta kife ko tayarta ta fashe a tsakiyar daji saboda gudu, ta haɗa wa fasinjojinta masifa biyu a wuri ɗaya. Tsara lokacin tafiya na cikin koyon tuƙi, musamman a ƙasa irin tamu, kuma ba a koyon sa a filin ƙwallo.

Sai hular kwano. Yawancinmu muna makarantar nan ko mun fita ba da daɗewa ba lokacin da aka fara tilasta ta, ranar 1 ga Janairun 2009. Kun tuna dariyar da aka yi, har kafofin labaran duniya suka ɗauki labarin 'yan acaɓa da suka kifa ƙwarya da tukunya a ka don su wuce jami'ai. Ni ma na yi dariyar. Aka ce tana da zafi, aka ce tana yaɗa ƙwarƙwata, har aka ce ana asiri da ita a sace mutum. Zafin gaskiya ne, wanda ya san Afrilun Gobir ba zai musa ba. Amma wanda ya faɗo daga babur mai gudun 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita goma, wato saman bene mai hawa uku. Ƙafa in ta karye akwai mai ɗori, akwai asibiti. Kai in ya fashe, likitan ƙwaƙwalwa yana can Sakkwato, awoyi ne tsakaninmu da shi. Mutumin da ƙanena ya ɗauko babu rauni ko ɗaya a jikinsa daga wuya zuwa ƙasa.

Akwai abin da ba mu cika son faɗa a taro ba, amma kowa ya san abin da ake sayarwa a gefen tasha. Yaro na son ya yi aiki tun asuba har dare bai gaji ba, sai a ba shi tiramadol ko wata ƙwaya a jefa a shayi. Ƙwayar ba ta cire gajiya, ɓoye ta take yi, ta kuma ƙara masa jin cewa shi gwani ne. A 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma ƙwayoyin ba su bar tasha ba. Wani ɓangare na laifin namu ne masu babura da motoci, da muke yanka wa yaro balas ɗin da ba zai iya kawowa ba sai ya hana idonsa barci. Waya ma haka. Bincike ya nuna mai magana a waya yana tuƙi ya ninka haɗarinsa kusan sau huɗu, mu kuwa har gwaninta muke ɗauka mutum ya soka waya cikin hula yana hira yana tafe.

Taya kuwa, in kun fita ku duba gefenta. Akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Hukumar Kiyaye Haɗurra na gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. Yawancin tayoyin gwanjo da muke saya sun tsufa tun a ƙasar da aka kwance su, ga kuma zafin kwaltarmu.

Kada masu mota su ɗauka maganar 'yan kabu-kabu kawai nake. Cikinmu yanzu akwai daraktoci da 'yan kasuwa da malaman jami'a, Allah ya ƙara buɗi. 'Ya'yan wa ke wasa da mota ranar Sallah? Wa ke ba yaro ɗan shekara goma sha biyar makulli ya je ya sayo ƙanƙara, uwa na leƙe ta taga tana alfahari? A rakiyar amarya, motoci goma a jere, kowa na son ya sha gaban kowa, 'yan mata sun fito da kai ta taga, ana juyi a tsakiyar titi ana tada ƙura, motocin wa ne? Tun Janairun 2003 aka tilasta ɗaura bel, amma har yau sai mun hango jami'ai muke jawo shi mu riƙe da hannu, muna wucewa mu sake. Yaron da ke kujerar baya yana kallo, darasin tuƙinsa na farko ke nan.

Bayan haɗarin, duk wanda ya zo yi mana jaje sai ya ce ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani, kwanan bawan Allah ne ya ƙare. Amma malamanmu na addini a makarantar nan sun koya mana labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Kuma shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ce ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Da ba a son mu yi hattara, da ba a ɗora mana komai ba. Ni abin da ke hana ni barci shi ne, yaron ya yi azuminsa ya gama, ni da na miƙa makullin ba wanda ya ce in yi ko na yini ɗaya.

Saboda haka, Malam Shugaba, ga roƙona ga ƙungiya. Kowace shekara muna tara kuɗi mu yi fenti ko mu sayi kujeru, kuma hakan na da kyau. Ina neman bana a ware wani abu don 'yan ajin ƙarshe, a makon da suka gama jarrabawa, tun kafin su watse, domin da yawansu babur za su hau kafin shekara ta zagayo, ko mun so ko mun ƙi. A rubuta wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta jiha a nemi su turo jami'i, wayar da kai na cikin aikinsu. A gayyato tsofaffin direbobi biyu ko uku daga tasha, waɗanda suka yi shekaru a hanyar nan ba su taɓa kashe ko akuya ba, a ba su kujera da girma su yi magana da harshen da yara ke ji. A nemo bakanike da mai faci. A fita filin ƙwallon nan a ja layi da toka, yaro ya taho a gudun 30 ya taka birki a auna da tef, ya sake tahowa da buhu a baya a sake aunawa, ya gani da idonsa. A koya musu abin da ake yi wa wanda ya faɗi, kada a fizge shi a naɗe wuya a cusa a bayan mota, a kuma sa su haddace 122, lambar kiran gaggawa ta hukumar. 'Yan mata ma su shiga, su ne fasinjoji, kuma suna da bakin da za su ce wa mai babur ya rage gudu ko ya sauke su. Malaman lissafi da kimiyya na san ba za su ƙi ba.

Wanda kuma zai saya wa ƙane ko ɗa babur a cikinmu, ya sa kuɗin hula biyu da na lasisi cikin kuɗin babur tun farko. Ya riƙe makullin a aljihunsa, ya hau bayan yaron su je Sabon Birni su dawo, ranar kasuwa, ba sau ɗaya ba. In kai kana tsoron hawa bayansa, to da wane dalili za ka sake shi ya ɗauki uban wasu?

Na yi alkawarin hula ashirin daga albashina, zan kawo goma ƙarshen watan nan, goma wata mai zuwa. Ƙanena ma ya ce in ƙungiya ta amince zai zo da sandarsa ya tsaya gaban yaran ya gaya musu da bakinsa, ko da yake har yanzu in ya zo wajen kwanar nan a labarin sai muryarsa ta sarƙe. Takardar masu son sa hannu tana wurin sakatare a bakin ƙofa, akwai gurbin suna da na abin da mutum zai iya, ko da ɗaukar tef ne a fili.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Masu komawa Sakkwato yau, don Allah kada ku jira a gama cin abinci da hotuna, ƙarfe uku ta yi muku a hanya.